Uwar da Ke Cikin Waya

Ina can ƙasan rijiyar gidan malamin makaranta, ruwa ya kai mini gwiwa, na ji mota ta tsaya a bakin titi. Ban ɗaga kai ba. Mu masu yasar rijiya ba ma son ɗaga kai, don ƙasa ce ke zubo wa mutum a ido.

"Gavril! Kana raye a ramin nan?"

Muryar Valeriu ce. Duk ƙauyenmu an san shi, don shi ne mai farar motar da ke tafiya Italiya duk Lahadi, ya kai mutane, ya dawo da kwalayen taliya da kofi da takalman da iyaye mata ke aiko wa 'ya'yansu. Shi ne kuma mijin da Mama Zina, wadda ke aikatau a birnin Padova na Italiya, ta zaɓa wa 'yarta Otilia. Ita kuwa Otilia ni ta zaɓa, shekara biyu ke nan, ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

"Ina raye," na ce.

Ya leƙo, kansa ya tare mini ɗan hasken da nake gani da shi. Baffa Nichifor, uban baftismata, wanda ke ja mini guga, ya zagaya bayan gida shan taba. Daga ni sai Valeriu sai igiya.

"Sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Na ji labari wai in za ka sauka sai ka riƙa ƙirga zoben simintin da aka jera a jikin rijiya. Wai in ka kai na sha ɗaya ƙafarka rawa take yi, don a nan igiya ta tsinke da babanka." Ya yi 'yar dariya. "Ƙato da kai, kana tsoron rami."



Wannan magana ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko mahaifiyata har ta rasu ba ta sani ba. Otilia kaɗai na gaya wa, ranar Talata, a saƙon murya, domin ni rubutu wahala yake ba ni, a aji tara na bar makaranta. A hankali ma na faɗa, bakina dab da waya.

"Lahadi ƙarfe uku zan tashi," Valeriu ya ci gaba. "Kujerar gaba ta Otilia ce, uwarta ta riga ta kama mata. In kana da saƙo zuwa Padova ka kawo da wuri."

Ya sa yatsa biyu ya kaɗa igiyar, ta yi lilo ta taɓa mini kafaɗa.

"Wannan ma ta tsufa, Gavril."

Na daɗe a tsaye cikin ruwan bayan motarsa ta wuce. Ba sanyin ruwa ne ya sa haƙorana ke haɗuwa ba.

* * *

Da la'asar na jira ta a bayan coci, ƙarƙashin itatuwan gyaɗar turawa, inda muka saba. Ta taso daga gidan waya inda take aiki, tana tafe tana duba allon wayarta kamar kullum. Da ta ga fuskata sai ta tsaya cak.

"Me ya faru? Wa ya mutu?"

"Otilia, don Allah ki gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Kin ba Valeriu labarin babana?"

"Wane labari?"

"Zobe na sha ɗaya."

Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannunta, ta sake dubana. Na ga jini ya gudu daga fuskarta.

"Na rantse da kabarin kakana ban gaya wa kowa ba. Sau uku na saurari saƙon, ina kuka, a cikin ɗaki ni kaɗai. Gavril, ni zan yi maka haka?"

"To ta ina ya ji?"

Can ta ce, da wata ƙaramar murya, "Shi ya kawo wayar nan. Mama ce ta saya, shi ya saita mini komai a cikin motarsa. Ya ce in ba shi minti goma."

Ta ajiye ta a kan benci a hankali, kamar wadda ta gano maciji ta riƙe. Muka ja da baya, muka koma gindin wata bishiyar. Wayar tana can kwance, baƙa wuluk, mu kuma muna raɗa kamar ɓarayi a garinmu.

"Tun yaushe?"

"Tun bikin Ista."

Wata shida. Na fara tuna abubuwan da na faɗa mata cikin wata shida, kunnuwana suka ɗauki zafi. Waƙar da na rera mata da muryata mai kama da ta jaki. Ranar da na ce mata in ta tafi ban san ko zan iya fitowa daga rijiya ba. Duk wani yana zaune a mota yana ji, wataƙila yana cin 'ya'yan kabewa yana dariya.

"Ki jefa ta a rafi," na ce.

"Ka san me kake faɗa?" Hawaye suka zubo mata. "Maganin Kaka ta nan nake odarsa. Likita ta nan yake ganinta. Aikina ba na shiga sai na nuna ta. In na kashe ta minti goma Mama za ta kira maƙwabta ta ce a je a duba ko gobara ce. Tana ganin inda nake, Gavril, wani ɗigo ne shuɗi a taswirar wayarta, yanzu haka ta san ina bayan coci."

"To a sayi wata."

"Ba ka gane ba." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ina da shekara shida ta tafi. Sau huɗu ta zo gida. In na rufe ido ina son in tuna fuskar uwata, da gilashi nake ganinta a gaba. Ta nan ta koya mini kitso. Ta nan ta yi mini faɗa ranar da na faɗi jarrabawa. Ni ban san wata uwa ba sai wadda ke cikin abin can."

Kafin in ce komai wayar ta fara kuka a kan benci. Hoton Mama Zina ya haska, tana murmushi da jar riga. Otilia ta zabura da gudu ta ɗauka, tana gyara murya.

"Na'am, Mama. A'a, addu'a na tsaya yi. Ni kaɗai ce, Mama."

Na ɓuya a bayan bishiya, ni da ban saci komai ba.

* * *

Baffa Nichifor ya saurare ni har na gama, yana yanka cukun tumaki a kan tuwon masara. Shi ba ya gaggawa, a wurinsa na koya.

"To me kake jira?" ya ce. "Ka taɓa zuwa ka nema kamar ɗan mutane?"

"Baffa, uwarta tana Padova."

"Gidan yana Padova? Teburin yana Padova?" Ya nuna ni da wuƙa. "A ƙauyen nan tun kakanninmu, mai neman aure yana zuwa da babbansa, da burodin kitso, da tulun giyar inabin gidansu. A zuba kofi ɗaya a miƙa wa babban gida. In ya sha, an ba ka. In ya ture da hannu, ka ɗauki hularka. Magana ba ta cikin lissafi, ko an zage ka ko an yabe ka. Hannu ne."

"Za ta wulaƙanta ku."

"Ni? Na yi soja da kawunta. Ka wanke wuyanka ranar Lahadi, ka aske wannan ciyawar."

Kwana biyun da suka rage ban kira Otilia ba, ban aika mata komai ba. Sau da yawa ina ɗaukar wayata mai fasasshen gilashi in danna, sai in tuna akwai kunne na uku, in mayar aljihu. Sai a lokacin na gane ban san wata hanyar yi mata magana ba. Gidansu bai fi tafiyar minti bakwai ba, amma akwai kyamara a saman ƙofa, Valeriu ne ya ɗaura ta. Da ƙyar na samu na tare ta a bakin shago na ce, "Lahadi ƙarfe biyu," na wuce kamar ban san ta ba.

* * *

Lahadi ce kawai ranar hutun Mama Zina. A ranar ne 'ya'yan tsohuwar da take jinya ke zuwa su karɓe ta, ita kuma ta fita ta zauna a wani lambu ta kira gida. Da muka shiga mun tarar an riga an jingina wayar da kwalbar kokwamba mai tsami a tsakiyar tebur. Ga ta nan a ciki, da gyale a wuya, tantabaru na yawo a bayanta.

Kaka Efimia, mahaifiyar Mama Zina, tana zaune a kan kujerarta kusa da murhu. Otilia na tsaye jikin bango. A bakin ƙofa kuwa akwati ne shuɗi, an ɗaure shi tsaf. Da na gan shi ƙafata ta yi irin rawar da take yi a cikin rijiya.

"Na sumbaci hannunku, Kaka," na ce, na durƙusa na sumbata. Sannan na juya ga teburin, na rasa yadda zan yi. "Na sumbaci hannunku, Mama Zina."

"Wa ya buɗe musu ƙofa?" in ji muryar cikin waya. "Otilia, juya ni in ga da kyau. Wancan ba Nichifor ba ne? Kai har yanzu kana nan?"

"Ina nan, Zinaida, ban je Italiya ba balle in tsufa." Baffa ya ajiye burodin a kan farin ƙyalle, ya ajiye tulu. "Mun ji kuna da fure a gidan nan, mu kuma muna da mai lambu."

"Mai lambu! Mai kwasar laka dai. Nichifor, ka tattara burodinka tun ina ganin girmanka."

"Mama," in ji Otilia.

"Ki rufe mini baki!" Hoton ya tsaya, fuskarta ta daskare baki buɗe, sannan ta dawo. "Kuna jina? Sabis ɗin ƙauyen nan kamar mutanensa. Gavril, matso nan. Matso in ga idonka."

Na matsa, na sunkuya a gaban kwalbar.

"Ba na ƙin ka, yaro. Uwarka ƙawata ce. Ni na riƙe ta ranar da aka fito da babanka. Tana da shekara talatin ta sa baƙi, ba ta cire ba har ta bi shi. Kai ma da bakinka ka ce ƙafarka rawa take yi. Na ji saƙon, an turo mini."

Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Baffa ya juyo ya dube ni.

"Shekara goma sha shida ina wanke tsofaffin wasu," ta ci gaba, muryarta na karyewa. "Ina kwana a ɗan ɗaki kusa da banɗaki, ana kirana da ƙararrawa kamar akuya. Don me? Don 'yata ta zauna bakin rijiya tana jiran a ja igiya? Valeriu yana da gida a nan. In ta zo zan taɓa ta, Gavril. Ka san shekara nawa ban taɓa gashin 'yata ba? Kai kana da ita kullum a titi. Ni fa?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na fi jin tsoro.

"Mama, wanda ya turo miki saƙon sata ya yi," Otilia ta ce tana kuka. "Wata shida yana sauraron duk abin da nake faɗa. Wannan za ki ba ni?"

"Ni na sa shi! Ina nan nesa, ta yaya zan san abin da kike ciki?"

Otilia ta dafe bango.

Baffa Nichifor ya ɗauki tulu ya cika kofi. Ya ɗaga shi, sai ya tsaya, don bai san inda zai miƙa ba. Ya ajiye a gaban wayar.

"Na ture!" in ji Mama Zina. "Kun ji ni? Na ture shi!"

Kofin yana nan inda yake, cike.

Sai Kaka Efimia ta yunƙura. Ta daɗe kafin ta miƙe, ta jawo sandarta, ta tako har bakin tebur. Ta sunkuya ta dubi 'yarta a cikin gilashi.

"Zina, miƙo hannu ki ture."

"Mama, kada ki fara."

"Miƙo mana. Ga shi nan gabanki." Ta jira. "Ranar da yarinyar nan ta yi ƙyanda, hannun wa ke goshinta? Da na faɗi a ƙanƙara bara, kina kallo ta kyamararki kina ihu, wa ya tsallako katanga ya ɗauke ni? Mai motar ne? Wannan ne, da lakarsa." Ta nuna ni da haɓa. "Ban ce ba ki sha wahala ba, 'yata. Kin sha. Amma kofi hannu yake so."

Ta ɗauka, ta yi alamar gicciye, ta shanye har ƙasa. Ta goge baki da gefen ɗankwali.

"Tsami ya yi yawa, Nichifor. Amma na sha."

Na zaci Mama Zina za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta matso da fuskarta har ta cika allon.

"Otilia, dube ni. In motar nan ta tashi babu ke, zan toshe lambarki. Ba kira, ba saƙo, ba hoto. Ki yi aurenki, ki haihu, kada in gani. Kin san ni."

"Mama, don Allah! Mama!"

Allon ya yi baƙi.

Otilia ta fizgi wayar ta kira. Ta sake kira. Ta rubuta, yatsunta na kuskure. Ina tsaye a bayanta ina ganin hoton jar rigar a saman allo, ina roƙon Allah kada ya ɓace, don in ya ɓace an toshe ta ke nan, ni da ya kamata in yi murna.

A waje aka danna hon, sau biyu.

* * *

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin idonta haka ba, kamar na yarinyar da aka manta a tasha.

"Otilia," na ce, "in za ki tafi ba zan riƙe ki ba. Kaka ta sha, amma ke ba ki sha komai ba. Ni dai..."

Ta nufi ƙofa. Ta tsaya a kan akwatin, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tsallake shi ta fita.

Na bi ta har bakin shinge. Valeriu ya sauko ya buɗe mata ƙofar gaba, yana murmushi, mata uku a baya sun manna fuska a gilashi.

"Ina kayan, gimbiya? Ko mai rijiya ne zai ɗauko?"

Ta miƙa masa wayar.

"Ga saƙo zuwa Padova. Ka ba mai ita."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Kin yi hauka? Komai naki yana ciki."

"Ai ka fi ni sanin abin da ke ciki."

"Otilia, ki yi tunani." Ya rage murya, amma na ji. "In na tafi da wannan, ba ki da uwa. Ba ta wasa, a gabana ta rantse."

Ta kama hannunsa ta danna masa ita a tafi, ta ja da baya. Ya dube ni ta saman kanta, dogon kallo.

"Rijiyoyin yankin nan da yawa, Gavril," ya ce. "Ni kuma duk mako ina dawowa."

Ya shiga ya buga ƙofa. Muka tsaya muna kallon farar motar tana hawa tudu, ta wuce gonakin inabi, ta ɓace.

Na matsa kusa da ita. Hannunta na ta shiga aljihun siket yana fitowa, yana shiga yana fitowa, babu komai a ciki. Na kama shi na riƙe. Sanyi ƙalau.

"Na zauna," ta ce, ba ni take kallo ba. "Ka gani, na zauna."

"Na gani."

"Ba ni wayarka. Lambarka ba ta toshe ba. In kira ta sau ɗaya kawai, in ce mata ta yafe mini, ko da za ta kashe."

Na ciro wayata na buɗe na ba ta. Ta riƙe da hannu biyu. Ta danna lambobi biyu na farko, na ƙasar Italiya, ta tsaya. Yatsanta ya yi ta yawo a sama. Ta goge, ta sake dannawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Kaka!" ta ƙwala kira. "Kin san lambar Mama?"

"Ni?" in ji tsohuwa daga bakin ƙofa. "Ai hotonta kike danna mini."

Otilia ta juyo gare ni a hankali.

"Gavril," ta ce, "shekara goma sha shida ina kiranta kullum. Ban san lambar uwata ba."